Makaɗa, Ku Rubuta Mai Waƙa Tun Kafin Kuɗi Su Raba Ku

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja kunnen samarinmu masu haɗa ƙungiyar kiɗa da waƙa a nan Kutama da Getso da Gwarzo da Kabo, waɗanda ke tara kuɗi su tafi situdiyo a Kano su ɗauki waƙa.

Jama'a, kowa ya san waƙar Hausa ba aikin mutum ɗaya ba ce. Akwai jagora, akwai 'yan amshi, akwai makaɗa. A kiɗan fada ma 'yan amshi sukan yi ƙari a cikin waƙa. Marigayi Musa Ɗanƙwairo kansa ya yi zama Daudun Kiɗi a ƙungiyar wansa Abdu Kurna kafin ya ja tasa. Amma in waƙa ta fita, sunan mutum ɗaya ake kira. A da wannan bai dami kowa ba, don abin da ake samu kyauta ce, riga ko doki ko kuɗi, a raba a wuce wurin. Yau kuwa waƙa ta zama kadara kamar gona. An tashi daga biki, amma tana nan tana kawo kuɗi a rediyo da fim da YouTube. To wa zai ci wannan amfanin?

Doka ba ta yi shiru ba. Tun 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa dokar haƙƙin mallaka, aka buɗe hukumarta a 1989, sannan a watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwa. Abin da ta ce shi ne, da zarar an rubuta waƙa ko an ɗauke ta, ta zama ta wanda ya ƙirƙire ta, ko bai yi rajista ba. Haƙƙin yana nan muddin ransa, da shekara 70 bayan rasuwarsa. Ku duba, Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan haƙƙin waƙoƙinsa ba zai faɗi ba sai ƙarshen 2069. In kuwa mutum biyu ko uku suka haɗu suka yi waƙa, ta su ce duka, kuma lissafin zai fara ne daga rasuwar na ƙarshensu.

Wani zai ce, tunda haka ne mene ne amfanin rajista? Amfaninta shaida. Ranar da rigima ta tashi, alƙali ba zai tambayi wanda ya fi daɗin murya ba, hujja zai nema. Takardar Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, wato NCC, tana nuna sunan waƙa da masu ita da ranar da aka shigar. Ana iya yin rajistar ta intanet. Amma fa a kula, in jagora ya je shi kaɗai ya sa sunansa, sauran sun zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Don haka shawarata ita ce, kafin ku shiga mota zuwa Kano, ku zauna ku rubuta: wane ne ya tsara baitoci, wane ne ya kawo kari, wane ne ya buga, kuma kashi nawa kowa zai samu. Ku rubuta abin da zai faru in wani ya bar ƙungiya ko ya rasu, don kada a bar marayu da jayayya. Kowa ya sa hannu gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. Haka kuma ku yi da mai situdiyo, domin waƙa daban, sautin da aka ɗauka daban a wurin doka. Kuma sayar da haƙƙi da baki ba ya ɗauruwa, sai a rubuce.

Na san wasu za su ce ai mu 'yan uwa ne, takarda rashin yarda ce. Haba! Ko gona ka saya wurin ɗan uwanka ai sai an kira mai unguwa an rubuta. Takarda ba ta ɓata zumunci, rashinta ne ke ɓatawa.

Su kuma 'yan uwana masu tura waƙoƙi a waya cikin kasuwanni, ku tuna gumin wani kuke sayarwa. Ku nemi izini.

A ƙarshe ina kira ga hukumar NCC da ta riƙa bayani da Hausa a gidajen rediyo, ta kuma leƙo ƙauyuka ranar kasuwa, domin ba a birni kaɗai mawaƙa suke ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.



Naka mai karatu kullum,
daga Kutama, Ƙaramar Hukumar Gwarzo, Jihar Kano.