Dokar Ta-ɓaci Kan Ilimi A Zamfara: A Fara Gyara Daga Inda Ake Horar Da Malamai

Duk wanda ya bi ta Tudun Wada a Gusau da hantsin ranar makaranta zai ga yara sanye da kayan makaranta, wasu a ƙasa, wasu uku-uku a bayan babur. Iyaye sun yi nasu: sun tashe su da wuri, sun sayi littattafan rubutu, sun ba da kuɗin tara. Abin da zai faru da yaron daga shigarsa aji zuwa tashi kuwa yana hannun mutum ɗaya ne, wato wanda zai tsaya a gaban allo. Idan ya iya koyarwa, cikin shekara biyu yaron zai iya karanta wa kakarsa saƙon da aka turo mata a waya. Idan bai iya ba, shekara shida za ta wuce yaro yana kwafar abin da aka rubuta a allo ba tare da ya san me yake kwafa ba.

A watan Nuwamba na 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Jihar Zamfara. Tun daga lokacin an ga ana gyaran gine-ginen makarantu, kuma babu mai musun cewa ana buƙatar hakan, domin yaro ba zai natsu a ajin da rufinsa ya yaye ba. Ra'ayinmu shi ne, mataki na gaba, wanda ya fi wuya kuma ya fi daɗewa kafin a ga amfaninsa, shi ne gyara yadda ake samar da malamin da zai shiga wannan sabon ajin.

Zamfara ba ta rasa wuraren horar da malamai ba. Akwai Kwalejin Ilimi da Fasaha ta Tarayya a Gusau, wadda mata zalla take ɗauka. Akwai Kwalejin Ilimi ta Jiha a Maru. Akwai kuma Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, wadda ke da tsangayar ilimi. Dukkansu suna cikin yankin Zamfara ta Tsakiya, wato Gusau, Tsafe, Bunguɗu da Maru. Abin tambaya a nan shi ne: su wa ake ɗauka a waɗannan makarantu, me ake koya musu, kuma ina suke zuwa bayan sun gama?

A da, koyarwa sana'a ce ta zaɓaɓɓu. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 don horar da malamai ita ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma dukkansu sun riƙe alli kafin su riƙe mulki. A nan Maru, Malam Aminu Kano ya yi aikin horar da malamai kafin ya ajiye aikin gwamnati a 1950 ya shiga siyasa. Abubuwa sun fara sauyawa bayan 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Yara sun cika makarantu fiye da yadda aka yi hasashe, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa don cike giɓi. Daga baya aka daina karɓar tsohuwar takardar malanta mai daraja ta biyu, aka ce takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar da za a koyar da ita. An ɗaga darajar takarda, sai dai ba a ɗaga darajar wanda ake ba takardar ba.

A duba ƙofar shiga. Na tsawon shekaru da dama, mafi ƙarancin makin da hukumar JAMB da shugabannin makarantu suka amince da shi don shiga kwalejin ilimi ya kasance 100 cikin 400, ƙasa da na jami'a. Saƙon da wannan ke aika wa matashi a fili yake: idan ka rasa ko'ina, ga kwalejin ilimi nan. Muna da malamai nagari da suka zaɓi aikin don son sa, kuma su ne ke riƙe da makarantunmu. Amma tsarin da ya mayar da koyarwa mafakar wanda ya rasa gurbi ba zai iya samar da irinsu da yawa ba.

A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, ta sallame su. An yi ta muhawara kan adalcin korar. Tambayar da ba a tsaya an amsa ba ita ce: wa ya horar da su, wa ya ɗauke su aiki, kuma me aka gyara a kwalejojin da za su samar da waɗanda za su maye gurbinsu? Bai kamata Zamfara ta jira sai ta kai ga irin wannan ba. Tankaɗe a ƙofar kwaleji ya fi sauƙi da adalci a kan korar magidanci bayan ya yi shekara goma yana aiki.

Sai kuma abin da ake yi a cikin kwalejin. Karatun NCE shekara uku ne, kuma a cikinsa akwai zangon da ɗalibi ke fita koyarwar gwaji, abin da ɗalibai ke kira TP. Nan ne ya kamata a ƙera malami. Manufar ita ce ɗalibin ya zauna ƙarƙashin gogaggen malami, ya ga yadda ake shirya darasi, ya gwada, a gyara masa. Abin da aka saba gani a makarantu da dama shi ne, da zarar 'yan TP sun iso sai a miƙa musu aji gaba ɗaya, mai ajin ya samu hutu. Malamin kwaleji da zai zo dubawa yana da ɗalibai da yawa a warwatse, kuɗin zirga-zirga kuma bai taka kara ya karya ba, don haka sai ya leƙo sau ɗaya ko biyu ya ba da maki. Ɗalibi ya gama ba tare da wani ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa inda ya yi kuskure ba.

Gyaran wannan ba ya buƙatar biliyoyi. A ware wasu makarantun firamare a Tudun Wada, Sabon Gari, garin Tsafe, Kwatarkwashi da Bunguɗu a matsayin makarantun koyon aiki. A zaɓi ƙwararrun malamansu, a ba su horo da ɗan alawus, kowannensu ya riƙe ɗalibai biyu ko uku. A biya malaman kwaleji kuɗin dubawa kafin a fita, ba bayan an dawo ba. Kuma kada a ba kowa takardar koyar da firamare sai an gan shi da ido yana koya wa yaran aji ɗaya haɗa baƙi da wasali. Yaron Magami ko Nahuce da Hausa yake zuwa makaranta, da ita yake tunani. Malamin da ya iya koya masa karatu da Hausa ya share masa hanyar koyon Turanci. Shirin RANA da aka gudanar a Katsina da Zamfara da tallafin UNICEF ya samar da littattafan koyon karatu da Hausa, ya kuma horar da malamai a kansu. Bai kamata irin wannan ƙwarewa ta tafi tare da masu tallafi ba. Wurinta shi ne cikin darussan kwalejojinmu.

Wani zai ce duk wannan magana ce ta zaman lafiya, alhali matsalar Zamfara tsaro ce. Gaskiya ne. Ba a manta da sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021 ba, ko na makarantar Kaya da ke Maradun a Satumbar wannan shekarar, ko ɗaliban Jami'ar Tarayya da aka ɗauke a Sabon Gida a Satumbar 2023. Malamin da ke zaune a Gusau aka tura shi wani ƙauye a bayan Tsafe, zai yi duk abin da zai iya don a dawo da shi gari, kuma ba za a ga laifinsa ba. Sakamakon shi ne malamai su taru a makarantun cikin gari, na ƙauye su koma hannun mutum ɗaya ko biyu.

Wannan ne ma ya sa ya kamata a sauya inda ake nemo ɗaliban kwaleji. Malamin da zai zauna a Yankuzo ko Bilbis ko Wonaka shi ne wanda gidansu yake can, gonarsu take can. An taɓa gwada wannan a ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da gwamnatin Birtaniya, inda aka ɗauki nauyin matan karkara su yi NCE bisa sharaɗin su koma garuruwansu su koyar. Tunanin ma ya girmi wannan shirin. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta horar da jajoji, matan da ke zuwa wurinta su yi karatu su koma ƙauyukansu su karantar da 'yan'uwansu mata. Iyaye da dama da ke ɗari-ɗari da tura 'ya mace makaranta za su saki jiki idan suka ga 'yar gidan wane ce malamar. Ga kwalejin mata a Gusau. Abin da ya rage shi ne a kai 'yan karkara cikinta.

Akwai haɗari biyu a nan. Na farko, yaran ƙauye da yawa sun fito daga sakandaren da ita ma ba ta da malamai, don haka tushensu ba shi da ƙarfi. Maganin wannan shi ne shekarar share fage ta gaske kafin NCE, a koya musu karatu, rubutu da lissafi sosai, wanda bai ci ba ya maimaita. Na biyu, guraben tallafi kan koma rabon 'yan siyasa. Don haka a yi zaɓen ta hanyar jarrabawa, a kafe sunayen waɗanda suka ci a kowace mazaɓa kowa ya gani.

Duk wannan zai tashi a banza idan babu aiki da albashi a ƙarshensa. A yau akwai masu NCE da ke sana'ar kabu-kabu ko tsaron shago, a daidai lokacin da azuzuwa ke neman malamai. A ranar malamai ta duniya ta 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi alƙawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, a 2022 kuma aka sa hannu kan dokar da ta ɗaga shekarun ritayarsu zuwa 65. Amma albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, saboda haka makomarsa tana hannun jiha da ƙaramar hukuma ne, ba Abuja ba. Duk wanda jiha ta ɗauki nauyin karatunsa, ya kamata takardar ɗaukar aiki ta biyo bayan takardar kammalawa da rajistar hukumar TRCN, tare da alawus na musamman ga mai zaman karkara, wanda za a biya shi a ƙarshen kowane wata.

Muna kira ga gwamnatin jihar da majalisar dokoki su ware wa horar da malamai kaso bayyananne a kasafin kuɗi mai zuwa, kuma Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha ta fitar da adadin malaman da kowace makaranta ke da su da waɗanda take buƙata, mazaɓa bayan mazaɓa, domin kwalejoji su san wa za su horar kuma don ina. Ba a fafe gora ranar tafiya: matashiyar da aka ɗauka a kwaleji bana sai bayan shekara uku ko huɗu za ta tsaya a gaban allo, kuma kafin nan yaran da suka shiga aji ɗaya a Tudun Wada bana sun kai aji huɗu ko biyar.