Bintu Sudan Ba Ta Tsufa Ba

'Yan'uwa, akwai wata 'yar kwalba da yawancinmu muka taso muka tarar a akwatin iyayenmu mata, a ƙarƙashin zannuwan zuwa sujada, wato turaren Bintu Sudan. Yau idan budurwa ta shafa shi, sai ƙawayenta su ce tana ƙanshin kakarta. Kowa ya koma ga turaren fesawa, irin wanda kan riga mai shi shiga ɗaki, ya kuma zauna bayan ya fita. Mu dai a ganinmu an yi wa tsohon turaren nan rashin adalci, domin a kan abin da za a shafa kullum, a tafi kasuwa ko ofis ko majami'a, har yanzu ba mu ga wanda ya fi irinsa ba.

Shekarunsa sun haura 100. Wani kamfanin Landan, W.J. Bush, shi ya fara haɗa shi a 1920, shekara guda kafin fitowar Chanel No. 5 na Faransa da ake ta yayatawa. Wakilin kamfanin, Eric Burgess, ya je Sudan, 'yan kasuwar can suka ba shi irin ƙanshin da suke so, aka haɗa musu a Ingila. Daga nan fatake da masu tafiya Makka ta ƙasa suka bazu da shi har ƙasar Hausa. Daga baya aka zo ana ɗura shi a Kano, a kwalba mai cin mililita 12. Ƙanshinsa na furanni ne, yasmin da danginsa, da miski a ƙarƙashi.

Abin da ya raba shi da na fesawa shi ne ba a sa masa sinadarin barasa, mai ne zalla. Barasa tana saurin tashi sama, tana kwasar ƙanshi ta watsa cikin iska gaba ɗaya, shi ya sa feshi biyu kan cika mota. Mai kuwa yakan lafe a fata, ɗumin jiki yana sakin ƙanshin kaɗan kaɗan har yamma. Sai wanda ya matso ya gaishe ka ne zai ji. Da hunturu, sa'ad da fata ta bushe, turaren fesawa ba ya daɗewa a jiki, sai mutum ya yi ta ƙarawa, kuɗi na ƙarewa.

To, a nan ne maganar take. Mu mutane ne masu zaman cunkoso. Mutum takwas a benci guda ran Lahadi, a ƙarƙashin rufin kwano, cikin zafin Afrilu. Huɗu a kujerar bayan tasi. Ƙungiyar mawaƙa kafaɗa da kafaɗa suna jan numfashi tare. A cikinmu akwai mai fuka, akwai mai ciwon ɓarin kai, akwai mai sabon ciki wadda ƙanshin miya ma kan tayar mata da zuciya, akwai jariri a goye. Turare mai ƙarfi yana iya tayar wa mai fuka da ciwonsa, wannan ba camfi ba ne. Sau nawa muka ga mace ta tashi tsakiyar wa'azi ta fita shan iska, mutane suna yi mata kallon mai raina Maganar Allah, alhali na kusa da ita ne ya yi wanka da turare? Iskar nan ta kowa ce, mai fesawa bai tambayi kowa ba kafin ya cika ta.

Wasu sun ce ai turaren 'yan bori ne da bokaye, bai dace da mai bi ba. Gaskiya ne suna amfani da shi. Suna kuma amfani da kaza da goro da farin ƙyalle, ba mu ji wanda ya daina cin kaza ba. Wasu kuma sun ce turaren gawa ne, don ana shafa wa mamaci. Su duba Yohanna sura 12: nardin da Maryamu ta Betanya ta zuba a wurin cin abinci, shi ne Ubangiji ya danganta da jana'izarsa, bai kuwa ƙi shi ba. Matan Borno suna sa Bintu Sudan a humrar amare, ita ma amaryar gawa ce?

Ba muna cewa lallai sai wannan suna ba. Duk wani turaren mai na fure da ba ya hawa kai, ya shiga cikin maganarmu. Wanda kuma yake da na fesawa mai tsada, ya ajiye shi don biki a fili, inda iska ke kaɗawa. Bintu Sudan ɗin ma idan aka kwarara ta tana da nauyi ƙwarai, kuma tana ɓata farar riga da tabon mai, abin da matan Zumunta suka sani sarai. Iyayenmu ɗigo guda suke ɗauka a kan yatsa, su taɓa bayan kunne da wuyan hannu, a fata, ba a tufafi ba, kwalba ɗaya ta kai su watanni. Sai dai a lura wajen saye, gama jabu ya yi yawa a kasuwa. A duba lambar NAFDAC a jikin kwalba, a kuma gwada ɗigo a hannu kafin a kai shi wuya.