Rigar Ruwa Ba Ado Ba Ce

Ƙanena da ke karatu a Yuganda ya shiga ƙungiyar masu tuƙa kayak, ɗan kwale-kwalen nan mai cin mutum ɗaya. Duk hutu sai sun tafi Jinja, bakin kogin Nilu, su faɗa ruwa mai ambaliyar kumfa tsakanin duwatsu. Da na ga hotonsa a kife, wallahi sai da hantata ta kaɗa.

Ya ce, "Yaya kwantar da hankalinki, ba mai shiga sai da hular kwano da rigar hana nutsewa, kuma ba a barin mutum shi kaɗai."

Nan na tuna yaran da jirgi ya kife da su a Bagwai a 2021. Masu wasa ma sun sa riga, ina ga mu masu larura?

Sai fitowa ta gaba.