SHARHI: Mai Tona Asirin Zambar Kuɗin Lafiya Yana Bukatar Kariyar Doka

A watan Disamba na 2016 ne Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya da ke Abuja, a zamanin Minista Kemi Adeosun, ta ƙaddamar da shirin ba da tukuici ga duk wanda ya tona asirin satar dukiyar gwamnati, inda ta yi alkawarin kashi 2.5 zuwa kashi 5 cikin 100 na abin da aka ƙwato. Ba a jima ba, a watan Afrilu na 2017, hukumar EFCC ta gano sama da Dalar Amurka miliyan 43 a wani gida da ke Ikoyi a Legas. Sai dai akwai wata sata da ba a jibge ta a ɗaki guda, wato ta kuɗin kiwon lafiya, kuma ita ce ta fi bukatar mai tona asiri.

Dalili kuwa shi ne a takarda ake yin ta. A tsarin da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIS, ta fara aiki da shi a 2005, hukumar kan miƙa kuɗi ga kamfanonin dillanci da ake kira HMO, su kuma su biya asibiti wani ƙayyadajjen kuɗi a kan kowane mai rajista, ko ya yi ciwo ko bai yi ba. A irin wannan tsari ƙofofin ha'inci suna da yawa: a riƙe kuɗin asibiti na tsawon watanni, a cusa sunayen bogi a rajista, a rubuta kuɗin gwajin da ba a yi ba, ko a ce wa majinyaci magani ya ƙare alhali an karɓi kuɗinsa. Majinyaci ba ya ganin waɗannan takardu. Akanta da mai harhaɗa magunguna da magatakarda su ne ke ganinsu kullum.

Ba zato muke yi ba. A 2016 babban sufeton Asusun Duniya na Yaƙi da Ƙanjamau, Tarin Fuka da Zazzaɓin Cizon Sauro ya ba da rahoton cewa an yi sama da faɗi da kimanin Dala miliyan 3.8 a sashen tsare-tsare da ƙididdiga na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Haka kuma tsakanin 2016 da 2019 an yi ta jifan juna da zargin almundahana tsakanin shugaban NHIS na lokacin, Farfesa Usman Yusuf, da kamfanonin HMO da kuma ma'aikatar lafiya, har aka dakatar da shi a 2017, aka mayar da shi a 2018, sannan aka sallame shi a 2019. Ko ma wa ke da gaskiya, rikicin ya nuna yadda zargi ke komawa faɗan manya idan babu tabbatacciyar hanyar karɓar shaida.

To, me zai sa ƙaramin ma'aikaci ya buɗe baki? Shirin 2016 manufa ce ta ma'aikata, Majalisar Dokoki ba ta kafa shi ba, don haka wanda aka kora ko aka tura ƙauye saboda ya yi magana ba shi da wani sashe na musamman da zai riƙa zuwa kotu. Majalisar Zartarwa ta amince da daftarin dokar kariya a watan Disamba na 2022, amma wa'adin gwamnatin ya ƙare a Mayun 2023 ba tare da ya zama doka ba. Mai iyali kuwa ba zai sayar da albashinsa a kan alkawarin baka ba.

Amurka ta daɗe da gane wannan. Dokarta ta hana karɓar kuɗin gwamnati da takardun ƙarya, wadda aka kafa a 1863 aka kuma ƙarfafa a 1986, ta ba mutum ikon shigar da ƙara da kansa a madadin gwamnati. Idan an yi nasara, mai laifi zai biya ninki uku na asarar, mai ƙara kuma ya sami kashi 15 zuwa 30 cikin 100. Ta ƙarar da wasu ma'aikatansa suka shigar ne aka kai ga kamfanin Pfizer ya amince da biyan Dala biliyan 2.3 a 2009.

Wasu na cewa tukuici zai haifar da ƙazafi da sharri. Wannan fargaba tana kan hanya, amma maganinta a cikin dokar yake: kada a biya sisin kwabo sai an ƙwato kuɗi, a kuma hukunta wanda ya shirya ƙarya da gangan.

Tun da dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, kuɗin da zai bi ta wannan hanya zai ƙaru, kuma mai shago da kamfanin da ke biya wa ma'aikatansa duk suna da haƙƙi a ciki. Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokoki ta Tarayya da ta kafa dokar da za ta ɓoye sunan mai ba da rahoto, ta haramta korarsa, ta ɗora wa ma'aikata nauyin nuna cewa hukuncin da ta yi masa ba ramuwa ba ne, ta kuma ƙayyade wa'adin biyan tukuici. Dokar ta haɗa har da asibitoci da kamfanoni masu zaman kansu da ke karɓar kuɗin gwamnati, domin ta hannunsu kaso mai yawa na kuɗin ke bi.