Wa Ke Da Bakin Magana A Finafinanmu Na Haƙiƙa?

Dattawanmu ba su manta da majigi ba. A zamanin mulkin mallaka akan kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a haska hoto, mai sharhi kuma ya riƙa faɗa wa jama'a abin da ya kamata su fahimta. Mutanen da ke cikin hoton ba su da ta cewa. Abin takaici shi ne, har yau yawancin finafinan haƙiƙa da ake yi a kanmu, wato waɗanda ake ɗauka daga rayuwa ba wasan kwaikwayo ba, wannan tafarki suke bi.

Mai karatu ya lura da wakilin suna kawai. Idan murya daga sama ta ce "suna fama da talauci", an mai da mutum abin kallo. Idan manomi da bakinsa ya ce "bana damina ta yi mana gardama", ya zama shaida. Tazarar da ke tsakanin "su" da "mu" ita ce tazarar da ke tsakanin mai mulki da wanda ake mulka.

Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Konni a 2004, a Nijar ya koyi wannan darasi. Da ya nuna wa Sarkawan Ayorou fim ɗin da ya ɗauka na farautar dorina, sai suka ƙi amincewa da kiɗan da ya sa, domin a wurinsu cikin shiru ake farautar, kiɗa kuwa ƙarfin zuciya yake ƙara wa dorina. Ya cire kiɗan. A fim ɗinsa Moi, un Noir na 1958 kuwa, ya miƙa wa wani ɗan Nijar mai dako a Abijan, Oumarou Ganda, makirufo ya yi sharhi a kan rayuwarsa. Wannan Ganda shi ne ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1972.

Ba cewa nake yi a kori mai sharhi ba. Shekara da adadi da sunan wuri suna bukatarsa, haka ma inda bayyana fuskar mutum zai jefa shi cikin haɗari. Amma ya tsaya nan, kada ya fassara mana hawayen da muke gani da idonmu. Kada kuma a goge Sakkwatanci ko Damagaranci a ɗora daidaitacciyar Hausa da sunan gyara, domin karin harshen mutum ma shaida ne.

Saboda haka ina kira ga gidajen talabijin ɗinmu da matasa masu kyamara: kafin ku rubuta sharhi, ku tambayi kanku, shin mai labarin ba zai iya faɗin wannan da kansa ba? Hausawa dai sun gama magana da suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Allah ya sa mu gyara.