ƘADDARA CE KO SAKACI?

Ya ku dattawan zango da samarinsa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai wata kalma da ta yi yawa a bakin mutanenmu na Jidda har ta fara rasa nauyinta, ita ce ƙaddara. Igamar mutum ta ƙare wata uku bai sani ba, a ce ƙaddara. Uwar adashi ta rasu, ba a san wanda ya kwasa da wanda ya rage ba, a ce ƙaddara. Mai gida ya rantse bai karɓi kuɗin haya ba, ɗan haya ya rantse ya biya, ba ko guntun takarda a tsakaninsu, a sake cewa ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, ba mu ja da wannan. Abin da mu ke ja da shi shi ne a mai da ita bargon rufe lalaci. Wanda ya zo da raƙuminsa wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, umurtarsa aka yi ya ɗaure shi tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito.

Mun san abin da waɗansu iyayenmu za su ce, don mun sha ji. Su kan ce rubutu rashin yarda ne, wai idan ka ce wa ɗan'uwanka ya sa hannu kamar ka kira shi ɓarawo. To, Alhaji, da girmanka, wace aya ce mafi tsawo a cikin Alkur'ani duka? Ta 282 ce a Suratul Baƙara, kuma maganar rubuta bashi ta ke yi: a rubuta shi, ƙarami ne ko babba, a ambaci ajalinsa, a kafa shaidu. Sahabbai ne farkon waɗanda aka faɗa wa haka, ko kuwa mun fi su amana ne? Risalar Ibn Abi Zaid da mu ke karantawa tana da babin ciniki da ijara, tana da hukuncin jingina da ajiya da aro. Amma sai a yi shekara biyar ana jujjuya ƙabli da ba'adi, kafin a kai babin ciniki ɗalibi ya yi aure ya bar karatu, ya shiga kasuwa da rabin littafi.

Kowa ya tuna abin da ya faru daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, sa'ad da aka rushe Sabil da Karantina da Gulail da Petromin da Kandara da Hindawiyya, unguwannin da aka yanke wa da yawanmu cibiya. Aka wayi gari an rubuta kalma ɗaya a bango da fenti, "ikhla'i", watau a kwashe a tashi. Rushewar ba ta hannunmu, ba mu ɗora wa kowa laifinta a cikinmu. Amma hasarar da ta biyo baya ba duka ce ta zama dole ba. Wanda ya biya hayar wata shida hannu da hannu, mai gida ya ƙaura wata unguwa, ina zai bi sawun kuɗinsa? Alhali kuwa tun 2018 a ke rajistar haya a Ejar, kuma yarjejeniyar da aka yi a can hujja ce da alƙali ke karɓa. Wanda ya riƙe ta yana da abin nunawa. Wanda ya ce "ai mun daɗe tare da mai gidan nan" sai ya tashi da dogon zama kawai. Waɗansu kuma a garin kwasar kaya takardun haihuwar 'ya'yansu suka salwanta, domin an cusa su ƙarƙashin katifa, wata a cikin kwalla, wata a aljihun tsohuwar riga. Jakar leda guda mai zif, ta riyal biyu ko uku, da ta tara su wuri ɗaya.

Sai maganar igama, inda ciwon ya fi tsanani. A nan dole mu rarrabe. Akwai 'yan'uwanmu da kakanninsu suka taho a ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan shekara da shekaru, suka ƙetaro teku daga Sawakin, aka haifi 'ya'ya da jikoki ba takarda. Waɗannan gado suka yi, ba da su mu ke ba, taimako ya kamace su. Haka kuma mun san nauyin kuɗin iyali da aka aza tun watan Yuli 2017, riyal 100 kowane kai a wata, ya yi ta hawa har ya kai 400 a 2020. Mai 'ya'ya biyar ya san zafinsa. Da wanda mu ke shi ne mai igama a aljihu, mai kuɗin sabuntawa, wanda bai san ranar ƙarewarta ba sai an tsai da shi a hanya. Tarar jinkiri riyal 500 ce karon farko, 1000 karo na biyu, na uku kuwa sai tarhil. Ranar ƙarewar tana nan a Absher, cikin wayar da ke hannunsa dare da rana. A 2013 an ba da lokacin gyara har 3 ga Nuwamba, a 2017 aka sake buɗe ƙofa daga 29 ga Maris. Nawa ne a cikin masu ikon gyarawa suka zauna a majalisa suna sauraron "an ce za a ƙara", sai makon ƙarshe suka ruga layi cikin rana?

Wani abu kuma da iyaye maza ke wasa da shi: takardar da asibiti ke bayarwa ranar haihuwa sanarwa ce kurum. Sai an kai ta Ahwalul Madaniyya an karɓo shahadar haihuwa, a je ƙaramin ofishin jakadanci a yi wa yaro fasfo, a sa shi cikin igama. Ragon suna ba ya wuce kwana bakwai ba a yanka ba, amma takardar yaron ta kan yi shekara bakwai tana jira, sai ranar shiga makaranta ido ya raina fata.

Ku kuwa samari, kada ku yi dariya, ga naku. Kun iya waya, kun san sakamakon ƙwallon Ingila kafin a tashi wasa, amma tsohon da ke maƙwabtaka da ku sai ya biya dillali riyal hamsin a karanta masa saƙon layi biyu. Ku ne ya kamata ku gaya masa lambar sirrin da ke shigowa waya ba a faɗa wa kowa ita, ko da mai kiran ya ce daga banki ya ke, ko ya yi Larabci mai daɗi kamar limamin Juma'a. Ku ne kuma ke ara wa aboki layin da aka yanka da yatsanku, kun manta duk abin da aka aikata da shi sunanku zai fito.

Na cikin gida ba ya bukatar dogon bayani. Iskar gas ta fi iskar ɗaki nauyi, ƙasa ta ke kwanciya. In an ji warinta a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki. Yoyo kuwa da ruwan sabulu a ke gwada shi, ba da ashana ba. Man girki in ya kama wuta murfi a ke kifa masa, ruwa ƙara shi ya ke yi. Clorox ba a haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid, hayaƙin da ke tashi yana ƙone huhu. Ƙwayar nan ta fosfin da a ke sayarwa a ɓoye don kuɗin cizo, ta rumbun hatsi ce, ta kashe yara a wannan gari ba sau ɗaya ba, har na maƙwabta, don iskarta na bin kafofi. Tsofaffin gidaje da yawa suna da wuta iri biyu, 110 da 220, a tambaya kafin a jona. Lambar neman agaji 911 ce, a koya wa mata da yara. Wanda ya ce waɗannan ba su shafi malami ba, ya duba Buhari: wani gida ya ƙone da dare a Madina, Manzon Allah ya yi umurni a riƙa kashe wuta in za a kwanta.

Haka ruwa. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, watau 8 ga Zulhajji, ambaliya ta ci fiye da mutum 120 a garin nan, da yawansu a cikin mota, Ƙuwaiza ta fi ko'ina jin jiki. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 aka sake tafka milimita 179 a kudancin gari cikin 'yan sa'o'i. Duk da haka ba a rasa direban da zai tura hancin motarsa ƙarƙashin gada, wai ya san hanya.

Saboda haka mu ke kira ga 'yan'uwanmu malaman makarantun Arabiyya, kuma mun san waɗansu za su ɓata rai su ce makaranta ba ofis ba ce. Yaron da ya haddace Ajurumiyya, ya san fa'ili da maf'uli, amma aka miƙa masa takardar haya ya kasa gane wa zai biya gyaran famfo, me Larabcinsa ya tsinana wa gidansu? Sa'a ɗaya mu ke roƙo a mako, ranar Asabar bayan la'asar. A kawo faturar lantarki ta gaske, da yarjejeniyar haya, da sanarwar baladiyya, a karanta su kalma kalma yadda a ke karanta Ishmawi, a fassara da Hausa. A koya wa kowane ɗalibi rubuta takardar bashi: sunan mai bayarwa da mai karɓa, adadi da lamba da kuma haruffa, ranar biya, shaidu biyu. Iyayenmu mata masu adashi su aiko da yaro guda a buɗe masu littafi. Ƙungiya kuma ta sayi jakunkunan leda ta raba gida gida, kuɗinsu bai kai na shayin taro ɗaya ba.

Malamin da ke ganin wannan bidi'a ce, shafin nan a buɗe ya ke. Ya rubuto a fitowa mai zuwa, ya zo da littafi da babi, mu ma za mu zo da namu.