Anya Wasan Zelda Ya Kai Yadda Ake Kururuta Shi?

Na san dattawanmu na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun za su ce, "Haba Malam, duk matsalolin da ke damunmu a Kurmi ba ka ga abin rubutu ba sai wasan yara?" Ku yi mini haƙuri ku karanta. Wasan da zai ci wa magidanci abin da ya haura naira 300,000 ya wuce a kira shi wasan yara.

Ga yadda aka yi. Wani aminina ɗan Bauci mai sayar da albasa a kasuwar Mil 12 ya kawo mini kuka, wai ɗansa ya hana shi sakat, sai ya saya masa wani wasan kwamfuta da ake kira Zelda, domin wai duk duniya babu kamarsa. Ya ce, "Don Allah Malam, kai da kake karance-karance, bincika mini." Aka yi dace na tafi gida Bauci hutun Sallah, na tarar ɗan ƙanena da ke karatu a jami'a yana da shi. Na yi mako uku ina jarraba shi, tsofai-tsofai da ni, yara suna yi mini dariya.

Cikakken sunansa The Legend of Zelda: Breath of the Wild. Kamfanin Nintendo na birnin Kyoto ta ƙasar Japan ne ya fito da shi ran 3 ga Maris, 2017, tare da wata na'ura mai suna Switch, wadda ana iya jona ta da talabijin, ana kuma iya riƙe ta a hannu. A shekarar nan aka zaɓe shi gwarzon wasanni a babban bikin da ake yi a Amurka, daga baya kuma aka sayar da fiye da guda miliyan 30. Sa'ad da suka fito, na'urar dala 300 ce, wasan kuma dala 60. Kowa ya buga lissafinsa a canjin da dala ta haura naira 1,000.

Labarin ba shi da tsawo. Wani saurayi mai suna Link ya farka a cikin kogo bayan barcin shekara 100, ba ya tuna kome. Ya fito ya ga ƙasar Hyrule ta zama kufai, wani dodo mai suna Ganon ya mamaye fada, 'yar sarki kuwa, watau Zelda ɗin, tana can ciki ta danne shi har taimako ya zo. Da ka gama 'yan gwaje-gwajen farko sai a sake ka, ba wanda zai ce maka bi nan ko bi can. In ka ga dama ka nufi dodon nan take da sanda a hannu, ya kuwa murƙushe ka.

To, a nan ne yabon ya kama ƙasa. Duk dutsen da ka hango daga nesa kana iya zuwa gindinsa, kana iya hawansa, muddin ƙarfinka bai ƙare ba kafin ka kai tsororuwa. In ruwa ya sauko, dutsen ya yi santsi, sai ka raɓe ka jira. In hadari ya haɗu kana saɓe da takobi, aradu za ta faɗo maka, dole ka tuɓe duk wani ƙarfe. In ka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta sai ta bi iska kamar gobarar daji da kaka. In ka nufi ƙasar sanyi ba rigar kirki, sai ka dafa abinci da barkono ka ci jikinka ya ɗumama. Kaɗan daga cikin waɗannan ne aka sanar da kai, sauran da kanka kake gano su, galibi bayan ka sha wuya.

Wata rana bayan la'asar na ɗaura niyyar zuwa wata hasumiya da nake hange. A hanya na ga garken dawakan jeji, na ce bari in kama ɗaya. Ina cikin lallaɓawa na hango hayaƙi a bayan tudu, na bi, na tarar da zangon fatake. Daga nan wani ya ba ni labarin wani tafki. Wallahi har aka kira magariba ban je hasumiyar nan ba, ban kuma ji na yi asara ba. Na ajiye na'urar ina mamaki, domin na san wannan daɗin, na taɓa jin sa.

Na ji shi ne muna yara a Bauci, lokacin da gari bai wuce ganuwa da nisa ba. In an tashi daga makarantar allo ranar Alhamis sai mu fita ta ƙofar gari da danƙo a wuya, mu nufi duwatsu, wai za mu harbo kurciya. Sai kanya ta ɗauke mana hankali, daga kanya sai ramin gafiya, daga nan sai gardamar wa zai riga kai saman dutse. Mu komo da duhu, ba kurciya, ƙafafu duk ƙaya, a zane mu, mako mai zuwa mu koma. Ashe shi ma mutumin da ya ƙago Zelda na farko a 1986, Shigeru Miyamoto, abin da ya sa a ransa ke nan. Ya sha ba da labarin yadda yana yaro a ƙauyen Sonobe, kusa da Kyoto, yake yawon dazuzzuka, har ya gano wani kogo ya shiga da fitila. Ba abin mamaki ba ne wasan ya kama ɗan Bauci. Garin da aka ce sunansa ma daga wani maharbi ne, Baushe, wanda ya nuna wa Malam Yakubu wurin da ya kafa birninsa a 1809.

Amma fa masu yabo sun yi shiru a kan wasu abubuwa, ni kuwa ba zan yi ba.

Makamai a wasan nan ba su da ƙarko ko kaɗan. Ka sha wuya ka samo takobi mai kyau, ka yi faɗa biyu ko uku, ya tarwatse a hannunka. Masu kare wasan sun ce an yi haka ne don ka riƙa neman sabo kana canja dabara. Na ji, amma abin da ya haifar a wurina rowa ce: na dinga ɓoye masu kyau ina faɗa da kulki, har na bar Bauci ban mori rabinsu ba. Da maƙerin Bauci ne ya ƙera wa mutum irin wannan takobi, da sai an je gaban alƙali.

Sa'an nan ƙasar tana da faɗi, amma abin da ke cikinta yana maimaita kansa. Dodannin 'yan iri kaɗan ne, launi kawai ake sake musu. Akwai ɗakunan gwaji guda 120 a warwatse, waɗansu da wasa ƙwaƙwalwa mai daɗin gaske, amma dukansu fasali guda, bango guda, haske guda. Akwai kuma waɗansu 'ya'yan itace guda 900 da aka ɓoye ƙarƙashin duwatsu da kan bishiyoyi. Wanda ya ɓata watanni ya tara su duka, ladan da ake ba shi wani dunƙulen zinariya ne mai siffar kashi, ku gafarce ni. Watau su kansu masu wasan suna yi wa mai haɗama dariya. Labarin kuma an yayyanka shi an watsa, mai son tatsuniya mai kai da gindi zai tashi da yunwa. Babu Hausa a ciki, sai Turanci da waɗansu harsunan Turai da Asiya, saboda haka yaron da Turancinsa bai nuna ba rabin maganar za ta wuce shi.

Akwai kuma abin da ya wajaba uba Musulmi ya sani tun kafin ya biya. In Link yana son ƙarin ƙarfi, gaban gunkin wata allahiya yake zuwa ya roƙa. Ƙage ne na masu zane, na sani, amma yana nan, kuma da wuya a yi nisa a wasan ba a bi ta kansa ba. Wani uban zai zauna ya yi wa ɗansa bayani, wani kuwa zai ce a kai kasuwa. Kowa ya san gidansa.

Babban aibinsa a wurinmu kuwa ba a ma faɗarsa a Turai, domin su ba su ɗauke shi aibi ba: mutum ɗaya ne ke yin sa. Ku leƙa gidajen gem na Wunti ko Yalwa, za ku tarar yara cunkus kan benci, biyu na buga ƙwallo, goma na ihu, wanda aka ci ya tashi. Zelda ba haka yake ba, yaro ne shi kaɗai da allo, shiru. A gidan ƙanena yara shida ne, na'ura ɗaya, na raba faɗa ya fi a ƙirga. Ɗan ƙanen nawa ya kai wa abokansa, suka duba na minti goma suka ce, "Yaya, wannan ai yawo ne kawai, sa mana bal."

Ta wajen wuta dai ba laifi. Ba ya bukatar intanet, in an ɗauke wuta kuma batirin na'urar ta farko yana kai kamar awa uku, ta baya ta fi haka. Ga iyaye ma wannan rahama ce, batir ya mutu, wasa ya tashi.

To, ya kai ko bai kai ba? A ganina ya kai a abu guda, abin nan kuwa ba ƙarami ba ne: yana koya wa yaro ya hangi nesa, ya yi shiri, ya faɗi, ya sake dabara, ba tare da an riƙe masa hannu ba. Cewa da ake yi ba shi da aibi ko ɗaya, wannan kam zuƙi ta malle ce. Na kuma lura waɗanda suka fi kururuta shi mutanen manyan birane ne da aka haifa tsakanin bango huɗu, irin 'ya'yanmu da ke tashi a ɗaki ɗaya a Ikko, waɗanda ba su taɓa ganin inda sama ta haɗu da ƙasa ba.

Da na so in ce a bar wasa a tura yara gida su hau dutsen gaske, amma gaskiya ba ta bar ni ba. Dutsen Tanshi yau unguwa ce cike da gidaje, filayen da muka yi yawo an yanka su fuloti, kuma a wannan zamani ba uwar da za ta bar ɗanta ya shiga jeji tun hantsi har magariba. Abin da ya rage shi ne irin su Yankari, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200, da ruwan ɗumi na Wikki da kogunan Marshall da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse. Can ma da mota da ɗan rakiya ake shiga, giwa kuma sai an yi sa'a.

Abin da na gaya wa aminina shi ne, kada ya taɓa jarin albasarsa saboda Zelda. In Allah ya hore masa rara, ya nemi ta hannu, ya kuma sa wa yaron lokaci. In kuɗin na abu ɗaya ne, ya sa shi a mota ya zo Bauci hutun Disamba. Mun riga mun shirya da ɗan ƙanena zai ara masa na'urar mako guda, a mako na biyu kuma mu ɗauke su duka mu tafi Yankari. Yaron ya yarda, amma da sharaɗi: wai in ya zo, ni zan nuna masa inda na kama dokin nan.